Wa Aka Yi wa Tawaye? Nazarin Siffar Korarrun Mala'iku da Bijirarrun Alloli a Finafinan Kimiyya

Tsakure

Masu sharhin finafinai a Turai da Amurka sun saba laƙaba wa duk wata halitta da ta juya wa maƙerinta baya a finafinan kimiyya sunan "korarren mala'ika". Wannan maƙala ba ta yarda da wannan kuɗin goro ba. Ta koma ga tsoffin labaran bijirewa na Babila da Girka da arewacin Turai da Indiya, da abin da ya zo a littattafan Yahudawa da Kirista da Musulmi, ta auna su da tambayoyi biyu: wa aka yi wa tawayen, kuma wane matsayi ɗan tawayen ya ba ɗan Adam a zuciyarsa? Daga nan ta dubi Blade Runner (1982), Prometheus (2012), Alien: Covenant (2017), Eternals (2021) da wasu kaɗan. Ta gano cewa yawancin waɗanda aka yafa wa mayafin mala'ika a finafinan nan bayi ne ko 'ya'yan da aka zalunta, kuma mutum-mutumin nan David ne ya ɗauko ainihin cutar da ta halaka Iblis.

Gabatarwa

Ya kamata in share fage da magana ɗaya. Ƙissar Iblis da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wahayi ce a wajen Musulmi, ba ta cikin sahun hikayoyin Zeus da Odin. Haka Kirista yake riƙe da abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Idan an ga na jera su a takarda ɗaya, ba darajarsu nake daidaitawa ba. Masu shirya fim ne suka shiga kowane rumbu suka ɗebo, suka zuba a buhu ɗaya, aikin manazarci kuwa shi ne ya zauna ya tsince gero daban, dawa daban.

Aikin ya cancanci a yi shi da Hausa, domin finafinan nan suna cikin wayoyin ɗalibanmu da gidajen kallo na unguwanninmu, wasu ma an ɗora musu muryar Hausa. Tambayar da suke ta juyawa, wato me abin da aka ƙera yake bin maƙerinsa kuma me maƙerin yake bin sa, ta fito daga cikin fim ta shigo hirar yau da kullum tun da aka fara maganar ƙirƙirarriyar basira.

Tawaye ba iri ɗaya ba ne

Mafi tsufan labarin da zan kawo daga ƙasar da ake kira Iraƙi a yau ya fito. A hikayar Atrahasis, wadda aka rubuta kwafinta mafi cika a kan allunan yumɓu a ƙarni na 17 kafin haihuwar Annabi Isa, alloli hawa biyu ne. Manya suna zaune, ƙanana da ake kira Igigi su ke haƙa koguna da magudanan ruwa, su ke ɗaukar kwandon ƙasa. Da wahala ta kai musu iya wuya sai suka cinna wa kayan aikinsu wuta, suka kewaye gidan Enlil, ɗaya daga cikin manyan, cikin dare. Abin lura shi ne yadda aka kashe rigimar. Ba wanda aka jefa a wuta, ba wanda aka koro daga sama. Manyan sun yarda cewa aikin ya yi nauyi. Enki, mai dabarar cikinsu, ya kawo shawarar a yanka ɗaya daga cikin allolin, a kwaɓa namansa da jininsa da yumɓu, a yi mutum domin ya karɓi kwandon. A wannan hikaya ke nan mutum lebura ne da aka ƙera don wasu su huta. Da mutane suka yawaita, hayaniyarsu ta hana Enlil barci, ya aiko da annoba, ya aiko da fari, daga ƙarshe ya yanke shawarar ambaliya. A nan tawaye na biyu ya ɓullo. Enki ya yi rantsuwa tare da 'yan'uwansa cewa ba zai tona asirin ba, sai ya je ya yi wa bangon kara na ɗakin Atrahasis magana, mutumin ya ji daga ciki, ya haɗa jirgi. Bayan ruwa ya janye, allolin sun galabaita da yunwa domin babu mai miƙa musu hadaya.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda, a ganina, shi ne kakan finafinan mutum-mutumi duka, ko da masu fim sun sani ko ba su sani ba. Akwai ma'aikatan da suka yi bore, akwai sabuwar halitta da aka yi don ta gaji wahalarsu, akwai maƙeri da ya gaji da abin da ya ƙera, akwai kuma wanda ya saɓa umarni don ya ceci mutum.

Prometheus na Girkawa ɗan'uwan Enki ne a hali. Mawaƙi Hesiod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin yadda ya yaudari Zeus a rabon naman sa: ya lulluɓe ƙasusuwa da kitse, ya ɓoye tsoka a cikin tumbi. Zeus ya ɗauki ƙasusuwan, ya fusata ya hana mutane wuta, Prometheus ya sato ta a cikin ramin kara ya kawo musu. Sakamakonsa aka ɗaure shi, mikiya tana cin hantarsa da rana, hantar ta sake tohowa da dare, har Heracles ya zo ya kashe mikiyar. Kada a manta shi kansa Zeus tumɓuke ubansa Kronos ya yi ya hau gadon, Kronos kuwa haka ya yi wa nasa uban. Sarautar da aka samu da ƙarfi, yi mata tawaye rigimar mulki ce, mai sauraro yana da 'yancin zaɓen ɓangare.

Loki na mutanen arewacin Turai bai ma taɓa zama tsarkakakke ba balle a ce ya faɗo. Ɗan wani ƙato ne, yana zaune cikin alloli, yau ya jawo musu masifa gobe ya fitar da su. Da ya haddasa mutuwar Baldr, ɗaya daga cikin allolin, aka ɗaure shi a ƙarƙashin maciji mai ɗigo masa dafi, matarsa Sigyn tana tare dafin da kwano. Yawancin abin da aka sani game da shi ya zo ta hannun Snorri Sturluson, wanda ya yi rubutu wajen 1220, fiye da shekara 200 bayan ƙasarsa Aisland ta karɓi Kiristanci.

Da an tsallaka zuwa inda Mahalicci ɗaya ne, lissafin sai ya sauya gaba ɗaya. Littafin Enoch, wanda Cocin Habasha ta adana cikakkensa da harshen Ge'ez har James Bruce ya kai kwafe Turai a 1773, ya ce mala'iku 200 sun sauko Dutsen Hermon ƙarƙashin jagorancin Shemihaza, suka auri 'yan matan mutane, aka haifi ƙattai masu ɓarna. Ɗaya daga cikinsu, Azazel, ya koya wa mutane ƙera takubba da garkuwa da kayan kwalliya. A dubi abin da kyau: aikin da Girkawa suka yaba wa Prometheus a kansa, wato miƙa wa mutum ilimin sama, shi ne a nan aka lissafa a matsayin zunubin da ya cika duniya da jini. Aikin ɗaya ne, wanda aka saɓa wa ne ya bambanta.

Sunan Lusifa kuwa daga fassarar Latin ta Ishaya sura ta 14 ya fito, inda ake yi wa sarkin Babila habaici da tauraron asuba da ya faɗo. Malaman Coci na farko suka karanta wurin a kan Shaiɗan. John Milton ya ɗauki wannan ya gina doguwar waƙarsa Paradise Lost a 1667, inda Shaiɗan ya tara runduna ya yaƙi sama saboda hassadar ɗaukakar da aka yi wa Ɗan, bisa aƙidar Kirista. A wajen Milton tawayen ya riga halittar mutum. Mutum ya shigo ne daga baya a matsayin hanyar ramuwa.

A Musulunci, aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta siffanta mala'iku da cewa ba sa saɓa wa umarnin Allah, aya ta 50 ta Suratul Kahfi kuma ta bayyana cewa Iblis daga aljanu yake. An sami saɓani tsakanin magabatan masu tafsiri a kan asalinsa, amma abin da aka fi karantarwa a makarantunmu shi ne ba mala'ika ba ne. Dogon labarin da ake bayarwa na faɗuwar Haruta da Maruta kuwa, Ibn Kasir ya mayar da shi ga ruwayoyin Bani Isra'ila. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yanayin laifin Iblis kamar yadda ya zo a Suratul A'araf. Bai musanta Ubangiji ba, bai tara runduna don ƙwace mulki ba. An umarce shi da sujada ga Adamu, ya ƙi, hujjarsa kuwa ita ce asalinsa wuta ne na Adamu yumɓu, don haka ya fi shi. Da aka kore shi bai nemi gafara ba, jinkiri ya roƙa, ya lashi takobin ɓatar da zuriyar. Girman kai ne a gaban Mahalicci, raini da hassada ne ga mutum. Adamu ma ya yi kuskure, amma ya tuba.

Inda aka cakuɗa

Cakuɗa Shaiɗan da Prometheus ba Hollywood ce ta fara ba. Mawaƙan Ingila na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 ne suka yi. William Blake ya yi iƙirarin cewa Milton yana ɓangaren Shaiɗan ba tare da ya sani ba. Percy Shelley, a gabatarwar wasansa Prometheus Unbound na 1820, ya gwama jarumin nasa da Shaiɗan na Milton. Mutanen nan sun rayu a zamanin juyin juya halin Faransa, duk mai ƙin durƙusa wa sarki gwarzo ne a idonsu. Mary Shelley ta haɗa zaren biyu a littafi ɗaya a 1818: ta kira Frankenstein Prometheus na zamani a ƙarƙashin sunan littafin, ta kuma sa halittar da ya haɗa ta karanta Paradise Lost, tana kokawa cewa ya kamata ta zama Adamu a wajen maƙerinta amma ta tsinci kanta a matsayin mala'ikan da aka kora ba da laifi ba. Daga wannan littafi finafinan kimiyya suka gaji al'adar.

Sai dai akwai abin da ya sauya a hanya, kuma shi ne ƙashin bayan hujjata. A fim ɗin kimiyya, wanda ke zaune a kujerar "mahalicci" kullum mai rauni ne: masanin kimiyya, ko mai kamfani, ko wata halitta daga wata duniya. Yana tsufa, yana jin tsoro, yana buƙatar abin da ya ƙera. Siffofin Enlil da Zeus ke nan. Don haka fim yana aron tufafi da kalmomin Milton, amma gininsa na hikayoyin alloli masu yawa ne. Mai kallon da bai lura da wannan ba zai iya fita da zaton an nuna masa cewa bijire wa Mahalicci jarumta ce, alhali abin da aka nuna masa bijire wa attajiri ne.

Roy Batty: bawa cikin rigar mala'ika

Blade Runner na Ridley Scott, wanda aka ɗauko daga littafin Philip K. Dick na 1968, ya faru a birnin Los Angeles na 2019. Kamfanin Tyrell yana ƙera mutane na jabu masu jini da tsoka, ana tura su wasu duniyoyi aikin bauta da yaƙi, an kuma ƙayyade musu shekara 4 kacal su mutu. Wasu suka yi bore suka dawo duniya, shugabansu Roy Batty, wanda Rutger Hauer ya fito a matsayinsa.

Fim ɗin ya yi duk abin da zai yi don mu kalli Roy a matsayin Lusifa. Daga sama ya sauko. Fari ne sol, kyakkyawa, ya fi mutane ƙarfi da basira. Da ya shiga ɗakin sanyi na tsohon da ke ƙera idanu, sai ya rera wani baiti na Blake a kan mala'iku, amma inda Blake ya ce sun tashi sama, shi faɗowa ya ce. Sannan ya hau can ƙololuwar ginin Tyrell mai siffar dala don ya ga maƙerinsa.

To, a tsaya a dubi wanda ya tarar. Tyrell, mai kamfanin, tsoho ne cikin rigar barci, da tabarau mai kauri, yana kan gado yana cinikin hannun jari cikin dare. Roy bai nemi kujerarsa ba. Ƙarin kwana ya roƙa. Tyrell ya yi masa bayanin kimiyya cewa abin ba zai yiwu ba, ya lallashe shi da cewa fitilar da ta fi haske ta fi saurin ƙarewa. Roy ya sumbace shi, ya matse kansa da hannu biyu har ya mutu. Kisa ne mummuna, fim ɗin bai wanke shi ba, musamman da ya haɗa da Sebastian wanda ya taimake shi. Amma ƙorafin da ya kawo shi ƙorafin Igigi ne: an yi ni don in ɗauki kaya, an kuma yanke min kwana don kada in yi tunani.

Tambaya ta biyu ce ta raba gardama. A ƙarshen fim, Deckard da aka aiko ya kashe shi yana reto a bakin rufin bene, yatsunsa a karye, ruwan sama na zuba. Roy ya tambaye shi ko ya ji yadda rayuwa cikin tsoro take, ya ce masa bauta ke nan. Da hannun Deckard ya suɓuce sai Roy ya cafke shi, da hannun da ya soka wa ƙusa, ya jawo shi sama. Ya zauna ya mutu a gabansa. Wanda zai ceci mutumin da ya kashe masa 'yan'uwa ba shi da alaƙa da wanda ya rantse zai ɓatar da 'yan Adam. Roy so yake a lissafa shi cikin mutane.

David

Shekara 30 bayan Blade Runner, Scott ya dawo kan batun da Prometheus, wanda Jon Spaihts da Damon Lindelof suka rubuta. A 2093 jirgi ya isa wata duniya mai suna LV-223 don neman wasu halittu da ake zaton su suka shuka ɗan Adam. Mai kuɗin tafiyar, tsoho Peter Weyland, ya ɓoye a cikin jirgin yana fatan su tsawaita masa rai. Wato shi ne yanzu a matsayin Roy, mai roƙon ƙarin kwana, amsar da ya samu kuwa duka ne ya mutu. Sunan jirgin ya ja hankalin masu sharhi zuwa Girka, shi ya sa da yawa suka tsaya neman wane ne ɓarawon wuta. Ni a ganina zuciyar fim ɗin tana wajen mai hidimar jirgin, David, wanda Michael Fassbender ya fito a matsayinsa.

Weyland ya gabatar da shi a gaban jama'a a matsayin mafi kusa da ɗa a wurinsa, ya ƙara da cewa ba shi da rai irin na mutum. Daga baya David ya tambayi masanin nan Holloway dalilin da ya sa mutane suka ƙera shi. Holloway ya ce don sun iya ne kawai. David ya tambaye shi yadda zai ji in ya ji wannan amsa daga bakin nasa maƙerin, sannan ya tsoma ɗigon wani baƙin ruwa mai guba a abin shan mutumin. Zuwa nan ana iya cewa shi ma wulaƙanci ne ya tunzura shi.

Alien: Covenant ne ya fito da abin fili. Tun da farko Scott ya sanar da sunan fim ɗin a matsayin Alien: Paradise Lost kafin a sauya. An buɗe shi a wani farin ɗaki, ranar da aka kunna David. Ya yi tafiya, ya dubi gunkin David na Michelangelo ya zaɓa wa kansa suna, ya kaɗa fiyano. Sai ya auna kansa da maƙerinsa ya ce masa: kai za ka mutu, ni ba zan mutu ba, amma ni ke yi maka hidima. Weyland bai ba shi amsa ba, shayi ya ce ya zubo masa, alhali butar tana kusa da hannunsa. David ya taso daga nesa ya zuba. Duk abin da ya biyo baya yana cikin wannan minti.

Wannan ƙiyasi ne na asali: abin da aka yi ni da shi ya fi abin da aka yi ka da shi, don me zan rusuna? Shaiɗan na Milton ba da mutum ya fara rigimarsa ba. Wanda ya fara da auna asalinsa da na mutum shi ne Iblis, haka kuma Shaiɗan na wani tsohon littafi da ake kira Rayuwar Adamu da Hauwa'u, wanda ya ƙi rusunawa da hujjar ya riga Adamu samuwa. Ba ina cewa marubutan fim ɗin sun buɗe tafsiri ba ne, kuma ba ina kwatanta Weyland da Ubangiji ba, Allah ya tsare. Weyland mutum ne mai girman kai wanda bai cancanci bauta ba, da David ya tsaya a kan ƙin bautarsa da ba mu da ta cewa. Amma bai tsaya nan ba. Ya zazzaga wa birnin waɗancan halittu guba ya shafe su. Ya kashe Elizabeth Shaw, matar da ta ɗinke masa kai da gangar jiki bayan an tsinke su, ya yi gwaji da gawarta, yana kuma cewa yana son ta. Da jirgin Covenant ya iso da mutane 2,000 suna barci da ƙwayayen haihuwa 1,140, ya gaya wa takwaransa Walter cewa mutane jinsi ne mai mutuwa, ba su cancanci sabon farawa ba, kuma shi ba zai bar su ba. Rainin mutum ɗaya ya zama alwashi a kan zuriya duka.

Hanyar aikinsa ma ta waswasi ce. Bai ɗaga wa kyaftin Oram hannu ba. Ya ja shi da tattausar murya zuwa ɗakin ƙwayayen dodanninsa, ya ce masa ya leƙa, babu komai. Oram, mai addini ne da ya ce ya san Shaiɗan tun yana yaro, ya leƙa da kansa. Akwai kuma wurin da ya fi burge ni: David ya rera waƙar Ozymandias ya ce ta Byron ce, Walter ya nuna masa ta Shelley ce. Mai da'awar kamala ya yi tuntuɓe a kan abu ƙarami, bai kuma tsaya ya binciki kansa ba. Walter, wanda aka yi su da abu ɗaya kuma fuskarsu ɗaya, ya zaɓi tsayawa kan amanarsa. Wannan ya nuna cewa laifin ba a jikin ƙarfen yake ba, zaɓi ne.

Masu saɓa umarni don mutum, da masu dawowa

Eternals na Chloé Zhao ya ɗauko zaren Enki da Prometheus. Halittu 10 aka aiko duniya shekara 7,000 da suka wuce, suka zauna a Babila, ɗayansu Phastos yana koya wa mutane ƙere-ƙere har ya zo ya durƙusa yana kuka a tokar Hiroshima a 1945. A wannan wuri guda an ji muryar Hesiod da ta Enoch tare. Daga baya suka gano cewa su kansu ƙerarru ne, kuma maigidansu Arishem yana kiwon mutane ne don wata ƙatuwar halitta mai suna Tiamut ta fashe duniya ta fito. A cikinsu Sersi ta bijire ta ceci mutane, Ikaris mai biyayya ya zama abokin gaba, a ƙarshe ya faɗa cikin rana. Fim ɗin ya mai da biyayya laifi, amma ya iya yin haka ne kawai don ya riga ya mai da mai umarnin makiyayi mai shirin yanka. Ina da ƙorafi a kan tushen irin waɗannan labarai. Jack Kirby, wanda ya ƙirƙiro su a 1976, ya sha daga littafin Erich von Däniken na 1968 mai cewa baƙi daga sama ne suka koya wa mutanen da wayewa. Stargate (1994) ma a kan wannan ya gina labarin dalar Masar. Ra'ayi ne da yake ƙwace wa mutanen Afirka da Asiya aikin hannunsu, ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibai haka.

Loki na Thor (2011) ba ya buƙatar dogon bayani. An mai da shi ɗan riƙon Odin mai kishin ɗan'uwansa, aka sa ya saki hannu ya faɗa cikin duhun sarari, faɗuwar da babu ita a hikayar asali. Aron Milton ne aka ɗora a kan rikicin gado.

Indiya ta kawo abin da babu a sauran, kuma masu kallonmu sun fi sabawa da finafinanta. A hikayoyinsu faɗuwa tana da wa'adi. Jaya da Vijaya, masu gadin ƙofar Vishnu, an la'ance su aka haife su sau uku a matsayin miyagu, ɗaya daga ciki shi ne Ravana, sannan suka koma bakin aikinsu. Shi Ravana, da ya roƙi kariya daga kisan alloli da dodanni, bai sa mutum a lissafi ba don raini, mutum kuwa ya kashe shi. Ra.One (2011) na Shah Rukh Khan ya ɗauki sunansa ya ba mugun da ya fito daga wasan kwamfuta. Kalki 2898 AD (2024) na Nag Ashwin ya fi zurfi. Ashwatthama, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, an la'ance shi da dawwama cikin azaba saboda ya auna makami kan jaririn da ke cikin ciki a ƙarshen yaƙin Mahabharata. Bayan dubban shekaru, aikin da ya rage masa shi ne ya tsare wata mai juna biyu. La'ananne ne da aka bar wa ƙofar gyara, kuma ya shiga. Wannan ya fi kusa da labarin mai laifin da ya tuba, ya yi nesa da David.

Kammalawa

Hukuncina shi ne a daina kiran Roy Batty da Sersi da Loki korarrun mala'iku a rubuce-rubucenmu, domin sunan yana ɓoye zaluncin da aka yi wa na farko, yana kuma shafa wa bijirewa ga Mahalicci kwarjinin da ba nata ba. David ne ya cancanci a nazarce shi da wannan ma'auni, kuma ɗalibin da ya tashi da ƙissar Iblis a kunnensa ya fi wanda Milton kaɗai ya sani kayan aikin yin haka. Ina kira ga sassan Hausa da na nazarin finafinai a jami'o'inmu su buɗe wa ɗalibai wannan fage, su fara da ɗora waɗannan tambayoyi biyu a kan littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito tun 1969, da kuma fassarorin Hausa da ake yi wa finafinan Indiya da na Amurka, a ga da wane suna masu fassara suke kiran waɗannan halittu.